Na Kwana Likita

Ranar da na sauka a tashar Jabi na gane kowa a Abuja yana jin Hausa, tawa ce kawai ba a ji. Na ce wa mai tasi ya kai ni adireshin da ke cikin kaye, ya ce, "Cikin me?" Na nuna masa littafin rubutuna. Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Nijar ko?" Har muka isa ƙofar gidan Hajiya Batulu bai daina tambayata ko da gaske raƙuma suna tsayawa a danja a garinmu ba.

Sunana Habsu Lawali. A Damagaram aka haife ni, a Yamai nake karatun tsara birane. A shekarar 2007 aka ba sashenmu gurbi ɗaya na musayar ɗalibai, wata huɗu a wata jami'a a Abuja. Mu goma sha ɗaya muka nema, ni kaɗai ce mace, ni kuma na ci. Wanda ya zo na biyu ya tare ni a bakin aji ya ce ba zai kwance jakarsa ba, don ya san Ingilishi da kewar gida za su dawo da ni kafin wata guda, shi ya je ya ƙarasa. Na riƙe maganar.

Babu wuri a ɗakin kwanan ɗalibai, sai aka raba mu gidajen mutane. Sharaɗin shi ne duk ƙarshen wata mai masauki zai sa hannu a wata takarda cewa ɗalibi yana hannunsa kuma yana zaune lafiya. In ya ƙi sa hannu, ɗalibi ya koma ƙasarsu. Mai masaukina, Hajiya Batulu, Bakanuwa ce, babbar ma'aikaciya a wata ma'aikatar tarayya, mijinta ya rasu, tana zaune da 'yarta Nabilah. Doka ɗaya ta kafa mini: in kasance cikin gida kafin a kira magariba.

Garin ya cika ni da tambayoyi. Tituna masu faɗin da za a ci kasuwa a kansu, amma ba mai tafiya a ƙasa. Duk inda na ɗaga kai sai na ga ƙarfen ɗaga kaya a kan wani sabon bene, ga kuma manyan gidaje a rufe, fenti sabo, ba kowa a ciki sai maigadi da shanyarsa. Unguwanni da lamba ake kiransu. Tafkin Jabi ya fi komai ɗaure mini kai. Ruwa mai yawa haka yana kwance, ba mai lambu a bakinsa, ba jaki ko ɗaya, sai masu hoto da masu sayar da gasasshen kifi. In wuta ta ɗauke sai a ce "sun ɗauke", na yi sati ina tambaya su wane ne, ba wanda ya ba ni suna. Burodinsu kuma zaƙi gare shi, da laushi kamar katifa.

Ni ma abin kallo ce a wurinsu. In na ce zan tafi lakwal, Nabilah ta faɗi kan kujera.

"Momi, zo ki ji! Wai makaranta ce lakwal. Malami kuma mushe. Mushe fa, Momi, kamar dabbar da ta mutu!"

"Ke kuma da kike ce wa uwarki Momi, wace Hausa ce wannan?" in ji ni.

Ta sa mini suna Faransiya. Ni kuwa na yi wa kaina alkawari: zan koyi Ingilishinsu har in fi su, amma ba zan sauya kalma ɗaya ta Hausata don a daina dariya ba. Kalmominsu ina rubuta su a bayan kaye, ina juya su ina mamaki, ba na dai sa su a bakina.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce likita. A wurinmu likita wuri ne, gidan da ake kwantar da marasa lafiya. Mutumin da ke duba su kuwa lokotoro ne. Saboda haka ranar da na ji Hajiya tana tambaya ko Likita ya dawo daga Kaduna, sai na tsaya ina tunanin yadda gini zai yi tafiya. Ashe maƙwabcinsu ne, Abdulmajeed, gida biyu tsakaninmu, duk layin da Likita suke kiransa. Sau ɗaya muka taɓa magana. Ruwa ya tare ni a bakin titi, ya rage mini hanya. Hajiya ta gan ni ina fita daga motarsa, da daddare ta ce, "Mutumin kirki ne, amma ba shi da iyali. Ki kiyaye." Na ce to, ba don maganar ta yi mini daɗi ba.

A aji kuwa na sha wuya. Malamai suna zuba Ingilishi kamar ana korarsu, in na rubuta lamba ɗaya su karanta ta bakwai. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yi mini dariya ba, Perpetual, 'yar wani gari da ake kira Uke, wadda take zaune a ɗaki guda a Durumi. Ita ma tata Hausar daban ce, ba ruwanta da namiji ko mace.

"Kai Habsu, ka ci abinci?" haka take ce mini.

"Ni mace ce, Perpetual."

"To, mace ba ya cin abinci?"

Kullum bayan darasi tana zama da ni ta sake karanta mini abin da aka koyar a hankali, ni kuma in yi mata lissafi. Da taimakonta na haye watan farko, Hajiya ta sa hannu.

Ana saura kwana uku a kai takardar wata na biyu, ranar Juma'a, aka tura mu Durumi mu biyu mu auna lunguna mu zana yadda mutane suka gina gidajensu ba tare da taswira ba. Tun safe na ga idon Perpetual ya yi ja, ta ce ba komai. Bayan la'asar tana riƙe da bakin igiyar awo sai kawai ta sulale ƙasa. Jikinta kamar garwashi. Ni da wata mai sayar da doya muka ɗauke ta zuwa wani ƙaramin wurin jinya a bakin unguwar. Suka ce zazzaɓin sauro ne ya yi ƙarfi, suka sa mata ƙarin ruwa, suka ce dole wani ya zauna da ita. Na kira yayanta Abednego a Uke, ya ce ba zai samu isowa ba sai da safe.

Ana kiran magariba na tuna da doka. Wayata saura ƙiris ta mutu. Na kira Hajiya.

"Hajiya, ina likita. Nan zan kwana, sai da safe."

"Kina ina?"

"Likita."

Sai wayar ta ɗauke. Na san kalmar asibiti, tana bayan kayena tun satin farko. Amma na gaji, na tsorata, bakina ya koma gida bai shawarce ni ba. Ko a raina ban kawo komai ba. Na ma ji daɗi na sanar da ita.

Washegari Abednego ya iso, zazzaɓin ya sauka, na kamo hanyar gida da kayan jiya a jikina. Ina tura ƙofar falo na ga jakata a tsakiyar ɗaki, an ɗaure ta, takalmana a kai. Hajiya tana zaune da mayafinta, Nabilah a bayan kujera tana cizon farce.

"Sannu da zuwa, amarya," in ji Hajiya.

Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba. Na ce, "Na san na karya doka. Amma ai na kira na faɗa miki."

"Kin faɗa kam. Da bakinki, ko kunya babu."

"Kunyar me, Hajiya? Lalura ce."

"Lalura!" Ta juya wurin 'yarta. "Kin ji ko? Lalura ce."

Raina ya fara ɓaci. A zatona don na kwana wurin Kirista a Durumi take wannan faɗan. Na miƙe tsaye na ce, "Da ke ce a matsayina, da abin da za ki yi ke nan."

"Ni? Ni Batulu?"

"Ke ɗin. Kuma ba yau na fara ba. A Yamai na taɓa yin sati guda cur, ba wanda ya ce mini uffan."

Nabilah ta ce, "Innalillahi," ta toshe bakinta.

Hajiya ta kalle ni kamar yau ta fara ganina. Sannan ta ce, a hankali, "Yanzu na gane. Daga gida ne. Jiya na kira mahaifinki, na ce masa, Malam Lawali, 'yarka ta kwana wurin Likita. Kin san abin da bawan Allahn nan ya ce mini? Wai Allah Ya saka mini da alheri, a bar ki can har sai an sallame ki!"

Wurin Likita. Nan take komai ya faɗo mini. Na ga ƙofar gida ta uku, na ga motar ranar ruwa, na ji duk abin da na faɗa yanzu da kunnen Hajiya. Na hango Baba a Damagaram yana salati, yana zaton ina kwance ana yi mini allura. Dariya ta taso mini har maƙogwaro.

Ba ta fito ba, don wani abu ya riga ta. Wata biyu ina gidan nan. Ban taɓa wuce magariba ba, ban taɓa ɗaga mata murya ba, na haɗiye Faransiya da lakwal da mushe. Amma dare ɗaya ya ishe ta ta yarda ni ce wannan. Kalma ɗaya za ta kashe maganar, na kuwa san ta. Sai dai in na faɗe ta a tsaye gaban jakata, zai zama ina roƙo a yarda da ni. Wata zuciya ta ce in ɗauki jakar in tafi Jabi in hau motar Kano, in bar ta ta gano gaskiya bayan na wuce, ta ji kunyar har ƙarshen ranta.

Har na kai hannu kan jakar. Sai na tuna akwai wani a Yamai da bai kwance tasa ba.

"Takardar fa?" na tambaya.

Ta dafa jakar hannunta. "Tana nan. Ranar Litinin zan mayar musu da ita yadda suka ba ni."

"To. Kafin nan ina roƙon abu ɗaya. Ki ɗauko makullin mota, in kai ki inda na kwana ki gani da idonki."

"Ke, ni za ki raina wa hankali? Jiya sau uku ina zuwa ƙofar gidansa, a rufe, ba motarsa. Ina ya kai ki?"

"Shi ne zan nuna miki."

Ban san ko fushi ne ya tashe ta ko son ganin ƙarshen rashin kunyata ba, amma ta tashi. Nabilah ta zura takalmi, uwar ta ce, "Zauna nan, ba wurin yara ba ne."

Da muka zo daidai ƙofar Abdulmajeed ta rage gudu. Na ce, "Ci gaba." Muka hau babban titi. Na riƙa cewa dama, hagu, miƙe. Benaye suka ƙare, kwalta ta ƙare, muka shiga Durumi mota tana rangaji cikin ramuka, masu tura baro suna kauce mana. Hajiya ta riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Nan ya kawo ki? Mutum da gidansa?"

"Tsaya gaban farin ginin can."

Ta karanta allon da ke bakin ƙofa, ta dube ni. Na wuce gaba ta biyo ni har gado na huɗu. Perpetual tana jingine da matashi, robar ƙarin ruwa a hannunta, Abednego yana ba ta kunu da cokali.

"Perpetual, ga Hajiyata."

"A'a, Mama, sannu da zuwa! Sannu, Ma." Ta yi ƙoƙarin tashi, Hajiya ta dafa ta. "Mama, wannan yarinya naka, Allah ya yi masa albarka. Shi ne ya ɗauko ni daga ƙasa. Duk dare yana kan kujeran nan, sauro ya cinye shi, bai runtsa ba. Na ce ya tafi gida Mama zai yi faɗa, ya ce ya riga ya gaya maka."

Abednego ya ajiye kofi ya rusuna. "Mun gode, Madam. Kun yi tarbiyya."

Na kalli fuskar Hajiya, don ina son in ga yadda babbar ma'aikaciya take yi in ƙasa ta zame mata. Ta kalli kujerar roba, ta kalli kumburin cizon sauro a hannuna. Sannan ta gyara mayafi ta yi abin da ya kamata: ta tambayi jiki, ta kira ma'aikaciyar jinya ta ji irin maganin da aka ba ta, ta yi addu'a, ta ce za ta aiko da abinci.

Sai da muka shiga mota ta rufe ƙofa ta ce, "Wannan asibiti ne."

"A Damagaram likita ce."

"Shi mutumin kuma fa?"

"Lokotoro."

Ta maimaita kalmar a hankali, kamar tana ɗanɗana ta. "Shi ya sa mahaifinki..." Ta dafe goshi. "Sati gudan da kika yi a Yamai fa?"

"Ƙawata aka yi wa aiki a ciki, na yi jinyarta."

"Tun yaushe kika gane abin da nake nufi?"

"Tun da kika faɗi maganar Baba."

"Amma kika bar ni na tuƙo mota har Durumi da hawan jinina?"

"Ba ki tambaye ni ba, Hajiya. Kin ɗaure mini jaka kawai."

"Na tambaye ki! A waya na ce kina ina, kika sake ce mini Likita. Kin san kalmarmu ko ba ki sani ba?"

Nan ta kama ni. Na sunkuyar da kai na ce, "Na sani. Gajiya ce. Wannan laifina ne." Da ƙyar ya fito, amma gaskiya ce. Na ɗago na ƙara da cewa, "Sauran ba nawa ba ne."

Ta daɗe tana kallon gilashin gaba. Wata akuya ta zo ta shinshina tayar mota ta wuce. Sannan ta ce, "Sori," da sauri, ba ta dube ni ba. Na lura da wannan a Abuja: in ba da haƙuri ya yi wa mutum nauyi, sai ya ari Turanci, don ya fi sauƙin ɗauka. Na so in ce ta faɗa da Hausa. Na bar shi.

Ta zuge jaka ta fito da takardar, ta ɗora kan sitiyari ta sa hannu, ƙahon motar ya ɗan yi ƙara. Ta miƙo mini tare da wayarta.

"Kira mahaifinki, kada ya taso."

Ashe har ya isa tasha yana neman motar Kano. Na ce lafiyata lau, jinyar ƙawa na yi. Ya yi hamdala ya fi sau biyar, sannan ya ce in miƙa wa Hajiya ya ƙara yi mata godiya, don jiya ya ji muryarta tana rawa saboda tausayina. Hajiya ta karɓa tana cewa, "Ba komai, Malam, ai 'yarmu ce," idonta a rufe.

Da muka shigo layinmu, motar Abdulmajeed tana tsaye a ƙofar gidansa, tayoyinta duk jar ƙasar tafiya. Hajiya ta taka birki tun daga nesa. Ta kashe mota, ba ta fita ba.

"Lafiya, Hajiya?"

"Jiya da na je karo na uku, na rubuta masa wasiƙa. Na tura ta ƙarƙashin ƙofa."

"Me kika rubuta?"

"Shafi biyu ne." Ta ja numfashi. "Har da sunan mahaifiyarsa a ciki, mun yi makaranta tare."

Wannan karon dariyar ta ƙwace mini, na yi ta har hawaye. Ta harare ni, amma gefen bakinta yana motsi.

"Ke za ki raka ni."

"Ni ban rubuta komai ba."

"Ke kika faɗa. Kuma ni ban iya yi masa bayanin lokon nan naku ba."

"Lokotoro."

"Shi ɗin. Sauka."

Na naɗe takardata na sa a cikin riga, na riga ta fita, na je na ƙwanƙwasa ƙofar. Daga ciki muka ji takun silifa yana matsowa, ba sauri, da ƙarar takarda ana ninke ta.